Yaya ake tsara ilimi da aiki na shekara 20 masu zuwa alhali ba a san sana'o'in da za su rage ba?

Malamar Aji Ɗaya ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina da tambayar da ta daɗe tana cin raina, kuma na kawo ta nan ne domin na san akwai waɗanda suka fi ni zurfin nazari a kan tattalin arziki da tsare-tsaren gwamnati.

Yaron da ya shiga aji ɗaya bana yana da shekara 6. Idan ya yi shekara 12 tsakanin firamare da sakandare, sannan ya ƙara 3 ko 4 a jami'a ko kwalejin fasaha, ba zai fara neman aiki ba sai bayan 2040, kuma in da rai da lafiya zai ci gaba da nema wa kansa abinci har bayan 2080. Manhajar karatun da muke koya masa yau, da irin malaman da ake horarwa domin su karɓe shi a sakandare, da kuɗin da ake warewa, duka shawarwari ne da ake yankewa yanzu a kan zamanin da babu wanda ya gan shi.

Da na nemi abin da masana suka ce, sai na ƙara rikicewa. A 2013 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Oxford, Carl Frey da Michael Osborne, sun ƙiyasta cewa kashi 47 cikin 100 na ayyukan da ake yi a Amurka suna cikin babban haɗarin komawa hannun na'ura. Bayan shekara 3 kacal wani binciken da OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, ta wallafa ya duba tambayar, ya ce adadin bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. Daga baya kuma, a ƙarshen 2022, ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubutu da amsa tambayoyi, ya fito, aka koma cewa masu aikin rubutu da fassara da lissafi a ofis su ne za su fara shiga uku, alhali da farko direbobi da ma'aikatan masana'antu ake yi wa fargaba. A gefe guda ana faɗa mana cewa dole duniya ta rage ƙona kwal da fetur, wanda hakan ma zai kashe wasu sana'o'i ya haifar da wasu.

Tambayata ita ce: a kan me ƙasa za ta dogara wajen yin tsari na dogon zango, idan hasashen masana kansa yana karo da juna haka? Shin irin wannan tsari yana da amfani na gaskiya, ko kuwa takardu ne kawai da ake bugawa a ƙaddamar a ajiye? Ina so in ji misalan inda aka yi ya yi aiki, da inda aka yi bai yi ba.

Tsohon Jami'in Tsare-tsare ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta taɓo abin da na yi rayuwata ina aiki a kansa, don haka ki yi haƙuri idan na tsawaita.

Abu na farko da mai tsari ya kamata ya yi shi ne ya raba abin da ake iya sani da abin da ba a iya sani, domin yawancin tsare-tsaren da suka rushe sun rushe ne saboda an haɗa biyun an ɗauke su abu ɗaya. Sunayen sana'o'in da za a yi nema a 2045 suna cikin abin da ba a iya sani. An gwada, kuma an gwada da gaske. A shekarun 1960 ƙasashe da yawa sun rungumi abin da ake kira tsarin ƙididdigar ma'aikata, inda ake zana jadawali a ce nan da shekara 15 za a buƙaci injiniyoyi kaza, akantoci kaza, masu buga keken rubutu kaza, sai a buɗe guraben karatu daidai da haka. Na ga irin wannan jadawali da idona a ofishin da na fara aiki, faffaɗar takarda mai layuka da ginshiƙai, kowane gida an cike shi da lamba a tsanake, har da na masu buga keken rubutu da aka lissafa za a buƙata a shekarar da kwamfuta ta riga ta share sana'ar. Waɗanda suka zana ta mutane ne masu ilimi da kishi. Aikin da aka ɗora musu ne ba mai yiwuwa ba.

Manyan masana ma ba su tsira ba. A 1930 John Maynard Keynes ya yi hasashen cewa jikokin zamaninsa za su riƙa aikin sa'a 15 ne kawai a mako. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen ƙirƙirarriyar basira, ya ce a daina horar da likitocin da ke karanta hoton cikin jiki domin na'ura za ta fi su cikin shekara 5, amma har yau asibitoci a ƙasashe da dama ƙarancin waɗannan likitoci suke kuka da shi. Da na'urar cirar kuɗi ta bazu a Amurka an ɗauka ma'aikatan kanta a banki sun gama yawo, sai ga shi yawansu ya ƙaru na tsawon shekaru, saboda buɗe reshe ya yi arha bankuna suka ƙara rassa, kuma raguwarsu ba ta zo ba sai da hada-hadar banki ta koma cikin wayar hannu. Wannan ne ma ya sa alƙaluman da kika kawo suka saɓa: binciken Oxford ya auna sana'a a dunƙule, na OECD kuwa ya farfasa kowace sana'a zuwa ƙananan ayyukan da ke cikinta, ya ga cewa na'ura takan ɗauke wasu ta bar wasu.

Abin da ake iya sani kuwa yana da yawa, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Duk wanda zai shiga kasuwar aiki a 2040 an riga an haife shi, ana iya ƙirga shi, an san inda yake zaune. An san cewa ƙasashe kamar Japan da Italiya suna tsufa kuma za su buƙaci masu kula da tsofaffi, an kuma san cewa rabin mutanen Afirka ba su kai shekara 20 ba. An san cewa samar da ƙwararren malami yana cin shekaru, kuma hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030. Fiye da komai, an san cewa ko wace irin sana'a ce za ta zo, wanda bai iya karatu da fahimta da lissafi ba ba zai iya koyon ta ba.

A nan ne nake so ki tsaya, Malama, domin ajinki shi ne tsakiyar maganar. A 2019 Bankin Duniya ya bayyana cewa kashi 53 cikin 100 na yaran ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi a shekara 10 da haihuwa, kuma bayan rufe makarantu lokacin annobar korona ƙiyasin ya haura zuwa kashi 70. Yawancin waɗannan yara suna zuwa makaranta. Kin san irin yaron da nake nufi: yana bin layi da yatsa, yana furta kalmomin da ya haddace daga bakin 'yan aji, amma idan kika rufe littafin kika tambaye shi wane ne ya tafi kasuwa a cikin labarin, sai ya sunkuyar da kai. Ƙasar da ke da irin wannan yaro bakwai cikin goma, in ta zauna tana muhawara a kan wace fasaha za a koya a 2040, ta fara zaɓen fenti ne alhali ba ta haƙa harsashin ginin ba. Misali, ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000 ta raba wa ɗalibai, kuma binciken da aka yi daga baya bai ga wani ci gaba ba a lissafi ko a harshe.

Ki kwatanta wannan da garin Sobral da ke jihar Ceará, a yankin arewa maso gabashin Birazil mai fama da talauci. A farkon shekarun 2000 suka gwada yaransu suka tarar kusan rabin 'yan aji biyu ba su iya karatu ba. Suka ɗauki manufa guda, wato kowane yaro ya iya karatu kafin ya bar aji biyu. Suka daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar siyasa suka koma zaɓen cancanta, suka riƙa horar da malamai a kai a kai, suka sa masu gwaji daga wajen makaranta suna auna yaran. A 2017 Sobral ta zo ta ɗaya a ma'aunin ilimin firamare na ƙasar, a cikin ƙananan hukumomi fiye da 5,500. Babu wanda ya yi musu duba ya faɗa musu sana'o'in gobe, kuma a ganina wannan shi ne tsarin dogon zango mafi inganci da na sani.

Injiniyan Masana'anta ya rubuta:

Baba, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma da izininka zan ce ka ɗauko rabin maganar ne. Makaranta tana samar da masu neman aiki, ba ita ke samar da aikin ba. Kafin juyin juya halin 2011, Tunisiya tana cikin ƙasashen yankinta da suka fi zuba kuɗi a ilimi, amma rashin aiki a tsakanin masu digiri ya fi na waɗanda ba su yi nisa a karatu ba. Idan aka ilimantar da matasa aka bar tattalin arziki yadda yake, abin da ake samu shi ne masu takardar shaida da ke zaune, ko kuma su yi ƙaura su je su amfani wata ƙasa.

Koriya ta Kudu ita ce misalin da ake yawan kawowa, kuma abin lura a wurinta shi ne yadda ta jera matakai. Ta fara da tabbatar da firamare ga kowa a shekarun 1950, lokacin da take cikin matalautan duniya bayan yaƙi. A 1962 ta fara tsare-tsaren shekara biyar-biyar, ta dogara da masaƙu da ƙananan kayan da ake fitarwa waje, waɗanda mai ilimin firamare zai iya yi. A 1966 ta kafa cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta KIST, a 1968 ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO, sannan a 1973 ta shelanta shiga manyan masana'antu na ƙarfe da jiragen ruwa da sinadarai, ta kuma faɗaɗa sakandaren fasaha a daidai lokacin. Jami'o'i sun bunƙasa ne daga baya, da masana'antu suka fara neman masu ƙira da bincike. Saboda haka gwamnati ta yi zaɓi, ta ce ga inda muka dosa, kuma ta horar da mutane domin wurin. Ba na cewa kowace ƙasa za ta iya maimaita wannan, domin an yi shi ne a ƙarƙashin mulkin soja kuma ma'aikata sun sha wuya ƙwarai, amma ban yarda cewa kowane irin zaɓen alƙibla ɓata lokaci ne ba.

Game da sana'o'in da ke saurin canzawa, hanyar da ta fi gamsar da ni ita ce a matso da horo kusa da wurin aiki, yadda canjin zai iso wa mai koyo ba tare da jiran wani kwamiti ya sake rubuta manhaja ba. A Jamus matashi yakan ƙulla yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana 3 ko 4 a mako a wurin aiki, kwana 1 ko 2 a makarantar sana'a, na tsawon shekara 2 zuwa 3 da rabi, ana biyan sa ɗan albashi. Akwai sana'o'i fiye da 300 da doka ta amince da su, kuma masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago da gwamnati ne ke zama tare su sabunta abin da za a koya. A masana'antar da nake aiki, injin da muka saya shekarun baya kaɗan ya riga ya zama tsohon yayi, kuma babu makarantar da za ta iya sayen sabo duk lokacin da muka saya. Wanda ke tsaye kusa da injin shi ke fara sanin cewa ya canza.

Sai kuma wani abu da masu tsari kan manta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa mutum biliyan 2, wato fiye da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna neman abincinsu ne a ayyukan da ba su da rajista, ba fansho, ba takardar ɗauka aiki. Mafi yawansu sun koyi sana'arsu a hannun wani maigida ne. Tsarin da ya yi magana a kan ofisoshi da manyan kamfanoni kawai ya bar mafi yawan mutane a waje. Gwada ƙwarewar irin waɗannan masu sana'a a ba su shaidar da kowa zai yarda da ita, da samar musu da wutar lantarki mai tsayawa da bashi mai sauƙi, zai canza rayuwar jama'a fiye da gina sabuwar jami'a.

Malamar Aji Ɗaya ta rubuta:

Na gode, Baba, na gode, Injiniya. Na fahimci cewa maganganunku biyu ba sa kore juna. Amma ga abin da ya rage mini. Sobral ta yi fiye da shekara 15 a kan manufa ɗaya, Koriya ta fi haka. A mafi yawan ƙasashe gwamnati shekara 4 ko 5 take yi, kuma wanda ya zo yakan so a san shi da sabon shiri nasa. Ni kaina na ga an kawo mana sabuwar manhaja, muka halarci bita, kafin littattafanta su iso an sauya minista an kawo wata. Ta yaya ake ɗaure tsari yadda zai wuce wa'adin wanda ya kawo shi?

Mai Nazarin Kasafin Kuɗi ta rubuta:

'Yar'uwa, wannan tambaya ta biyu ta fi ta farko wuya, kuma a ganina ita ce ainihin matsalar. Rubuta kyakkyawan buri ba ya gagarar kowa. A 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa da za a cimma kafin 2030, kuma rahotannin majalisar da kanta sun nuna cewa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na ƙudurorin ne ke kan hanyar cika. Tun kafin nan an yi alƙawarin ilimi ga kowa a taron Jomtien a 1990, aka sake yi a Dakar a 2000. Tsare-tsaren da suka rayu su ne waɗanda aka ɗaure da doka da kuɗi, ta yadda warware su zai jawo wa mai mulki asarar da kowa zai gani.

Ki dubi Norwe. An gano mai a tekunta a 1969. A 1990 majalisa ta kafa asusun da kuɗin man za su riƙa shiga, kuma kuɗin farko ya shiga ne a 1996. A 2001 aka kafa ƙa'idar cewa gwamnati ba za ta riƙa ɗiba fiye da ribar da ake sa ran asusun zai samar ba, wadda aka ƙiyasta kashi 4 cikin 100 a shekara, aka rage zuwa kashi 3 a 2017. Ana zuba kuɗin a ƙasashen waje domin kada su kumbura darajar kuɗin gida su kashe sauran masana'antu. Yau asusun ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. Gwamnatoci na dama da na hagu sun zo sun wuce, ƙa'idar tana nan, domin mai sauƙin fahimta ce, alƙaluman asusun a bayyane suke ga kowa, kuma duk wanda ya wuce iyaka 'yan adawa da 'yan jarida za su nuna shi da yatsa.

Tsibirin Nauru, wata 'yar ƙaramar ƙasa a tekun Pasifik, ma ya kafa asusu. Bayan samun 'yanci a 1968, ma'adinin fosfat, wanda ake yin takin zamani da shi, ya sa mutanensa suka shiga sahun masu kuɗin shiga mafi yawa a duniya a shekarun 1970. Amma babu ƙa'ida mai ƙarfi, babu sa ido, aka zuba dukiyar a harkokin da suka yi asara, ma'adinin ya ƙare, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar tsibirin ya zama ramuka da duwatsun da ba sa nomuwa. Wannan shi ne abin da ake nufi idan an ce tattalin arziki ba mai ɗorewa ba ne: an sayar da jari an kira shi riba. Dukiyar ƙasa da ke ƙarewa dole a mayar da ita wata dukiyar da ba ta ƙarewa, ko ajiya ce, ko hanyoyi da lantarki, ko ilimin da ke kan mutane.

Salon da na fi so a kwaikwaya shi ne na dokar sauyin yanayi da Birtaniya ta yi a 2008. Dokar ta sa dogon buri na 2050, sannan ta yanka tafiyar zuwa zango-zango na shekara 5, kowane zango da iyakar hayaƙin da za a fitar, kuma dole a tsayar da iyakar tun shekara 12 kafin zangon ya fara. Ta kuma kafa kwamiti mai zaman kansa da ke ba da shawara yana kai rahoto gaban majalisa kowace shekara. Gwamnati mai ci tana da 'yancin zaɓen hanyar da za ta bi, amma ba ita ke auna kanta ba. Babu abin da zai hana a yi wa iya karatun yara irin wannan doka. Jihar Ceará da Baba ya ambata ta yi wani abu mai kama da haka a 2007, da ta ɗaure wani kaso na harajin da take raba wa ƙananan hukumomi da sakamakon karatun yaransu, ta yadda shugaban da ya yi sakaci da makarantu zai ga kason garinsa ya ragu tun yana kan kujera. Finlan tana da kwamitin kula da makoma a majalisarta tun 1993, yankin Wels na Birtaniya kuma ya yi doka a 2015 da ta samar da kwamishina mai kare haƙƙin waɗanda ba a haifa ba tukuna, ko da yake ƙarfinsa na shawara ne kawai.

Injiniya, ina da gyara ɗaya a kan Koriya. Tsarin ya yi nasara a abin da ya auna, amma gasar jarrabawa da tsadar darussan bayan makaranta da tsawon sa'o'in aiki suna cikin abubuwan da ake dangantawa da faɗuwar haihuwa, har matsakaicin abin da mace ke haifa ya sauko zuwa 0.72 a 2023, mafi ƙanƙanta a duniya. Yanzu ana rufe makarantu a wasu yankunan ƙasar saboda rashin ɗalibai. Dole tsari ya kasance da ranar da za a zauna a sake duba shi, kuma masu dubawar su tambayi abin da ba a auna ba.

Wakilin Ƙungiyar Ƙwadago ya rubuta:

Malamai, na karanta duka kuma na ƙaru, sai dai kun fi mayar da hankali a kan yaron da zai fara aiki bayan 2040. Ni damuwata mahaifinsa ce, mai shekara 45 ko 50, wanda sana'arsa za ta mutu kafin ya kai ritaya. Kuɗin samar da lantarki daga hasken rana ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, don haka ko ba a yi maganar yanayi ba, kasuwa da kanta za ta rufe mahaƙar kwal da tashoshi da yawa. Ana yawan cewa a sake horar da irin waɗannan ma'aikata, kamar dai kwas na wata 3 zai maye gurbin shekara 25 na ƙwarewa. Singafo ta ƙaddamar da shirin SkillsFuture a 2015, inda kowane ɗan ƙasa mai shekara 25 zuwa sama ke samun dalar ƙasar 500 domin yin kwas, kuma abu ne mai kyau, amma ƙasa ce ƙarama mai ayyuka da yawa kusa da juna. A garin da ma'aikata ɗaya ce ke ciyar da kowa, in ta rufe, mai sayar da kaya da mai gidan haya da direba duka sun faɗi tare da ita.

Ƙasashe biyu sun rufe mahaƙar kwal, kuma hanyoyinsu sun bambanta. A Birtaniya an yi shi da rigima, aka yi yajin aikin shekara guda daga 1984 zuwa 1985, aka rufe mafi yawan ramukan cikin shekara 10 da suka biyo baya, kuma har yau tsofaffin garuruwan kwal suna cikin yankunan da suka fi fama da rashin aiki da rashin lafiya. A Jamus ta Yamma haƙar kwal ta ƙarƙashin ƙasa tana ɗaukar fiye da mutum rabin miliyan a shekarun 1950, kuma an ɗauki shekara 60 ana rage ta a hankali. An buɗe jami'a a Bochum a 1965, ta farko a yankin Ruhr, cibiyar haƙar kwal ta ƙasar, domin 'ya'yan masu haƙa su sami wata ƙofa. A 2007 gwamnati da kamfani da ƙungiyar ma'aikata suka amince cewa za a daina a 2018, wato an ba da sanarwar shekara 11, aka tsara wa manya ritaya da wuri, aka nema wa matasa wasu ayyuka. Ramin ƙarshe, Prosper-Haniel, ya rufe a Disamba 2018. An kashe maƙudan kuɗin tallafi, wasu masana na ganin an ja lokacin fiye da kima, kuma rashin aiki a wasu biranen Ruhr har yanzu ya fi na sauran ƙasar. Duk da haka ba a wayi gari an watsar da dubban iyalai a titi ba.

Akwai wani ɓangare na wannan yarjejeniya da nake so masu tsari su lura da shi. Haƙar da aka yi ta sa ƙasa ta nutse da fiye da mita 20 a wasu wurare na Ruhr, don haka dole a ci gaba da zuƙe ruwa da injina ba tare da ranar dainawa ba, in ba haka ba unguwanni masu yawa za su koma tafki. Saboda haka a 2007 ɗin aka kafa gidauniya ta musamman, aka damƙa mata kadarori, domin ribarsu ta riƙa biyan kuɗin wannan aiki bayan kamfanin ya daina sayar da kwal. Duk wata masana'anta ko mahaƙa da za a ba lasisi yau, ya kamata tun a takardar farko a rubuta wanda zai biya fanshon ma'aikatanta da gyaran ƙasar da ta ɓata ranar da za ta rufe, kuma a fara tara kuɗin a asusun da kamfanin ba zai iya taɓawa ba tun daga shekarar da ta fara samun riba.